Taɓaryar Ɗantsoho

Ina tsugune ina haɗa soket a zaure, don in kalli soja na miƙa mulki a talabijin, sai na ji taɓarya a gadon bayana.

"Wuta ta riƙe Malam Ado!" Ɗantsoho ne, maƙwabcina, wanda ko gaisawa ba mu yi. Ya ƙara mani biyu.

Ni da na fito daga yaƙin basasa ba ƙwarzane!

Nan take 'yan unguwarmu ta Ƙofar Durɓi suka cika zauren. Liman ya ce, "Ado, gode wa wanda ya ceci ranka."

Na gode. La'anannen yana murmushi.

Fis ɗin wutar gidan yana aljihuna, a gaban Ɗantsoho na cire. To, in fito da shi, ni da kullum nake cewa wuta tsorona take ji?