Wa Ya Buge Mai Babur?

"Ka faɗa min sunan direban!" Yayan mai babur ya daki ƙarfen gadon asibitin har ledar ƙarin ruwa ta girgiza.

Mai babur ya kalli ƙafarsa da aka yi wa ɗori. Shekara ashirin yana haya a titi ko ƙwarzane bai taɓa yi ba, sai yau da safe, a filin ajiye motoci na bayan kasuwa, mota ta yo baya ta danne shi da babur ɗinsa.

"Ba zan faɗa ba, Yaya."

"Tsoronsa kake ji?"

"Ni? Tirela ma na sha gabanta."

"To wallahi ko ɗan wane ne sai na kai shi gaban alƙali!"

"Je ka nemo shi. Daga bakina dai ba za ka ji ba."

'Yar mai babur ta fari da ke raɓe a bakin ƙofa ta matso, idanunta sun kumbura. Ta ajiye makullin motar da ya aro mata a kan bargonsa.

"Baba, na daina koyon. Ba zan ƙara taɓa sitiyari ba."

Yaya ya dubi makullin, ya dube ta.

Mai babur ya ɗauki makullin ya cusa mata a hannu.

"Ba ki isa ba. Wa ya tuƙo ni har nan ko rami ɗaya bai faɗa ba? Ke kika kawo ni, ke za ki mai da ni gida. Ribas ɗin ne kawai za mu sake koya."