Mai Gogen da Ya Dawo Binne Yayansa

Ka ce tafiya za ka yi, Tanimu, in ka dawo sai ka zauna gaban babanka ka koyi abin da ke hannunsa. Ban hana ka ba, amma saurari wannan. Zamanin da nake cikin badujalar soja, wani tsoho mutumin Sikotilan ne ya koya mana busa algaitarsu, waccan mai salkar fata da ake matsewa a hammata. A bakinsa na ji labarin.

A wani ƙauye na ƙasarsu, cikin kwari tsakanin duwatsu, inda ruwan sama ba ya daɗewa da ɗaukewa, an yi wani gida na makaɗa. 'Ya'ya biyu maza suka tashi a gidan. Babban ya gaji algaitar ubansu, ƙaramin ya kama goge irin nasu mai tsirkiya huɗu, wanda ake ɗorawa a kafaɗa a danne da haɓa. Gidan yana da takensa na makoki, mai tsawo, mai tafiyar hawainiya, daga hannu zuwa kunne ake gadonsa, kuma ba a taɓa sa ɗan ƙauyen a rami ba tare da an raka shi da shi ba. Uban ya koya wa duka biyun. Ƙaramin ma ya fi saurin ɗauka, abin da ya ji sau ɗaya ya zauna ke nan.

Ƙasa ce mai tsanani, ba komai sai tumaki da ɗan dankali da sanyi. Ƙaramin ya gaji da yi wa tsofaffi kiɗa, ya ce zai ƙetare teku. A bakin ruwa yayan ya ce masa, "Ka riƙa taɓa taken nan, ko da a ɗaki ne kai kaɗai." Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, abin da ke cikin jini ina za shi?"

Can a birnin da ya sauka, gogensa ya karɓu. Mutanen wurin rawa suke so, sai ya ba su rawa. Ya riƙa ɗauko tsofaffin kaɗe-kaɗen gida yana gutsure su, yana ƙara musu sauri, yana cakuɗa su da abin da ya tsinta a titi. Taken makokin ma bai tsira ba, ya yanko masa wata gaɓa mai daɗi ya mai da ita kiɗan biki. Ana tafi, ana kiran sunansa. Saƙo ya zo cewa ubansu ya rasu, ya ce hanya ta yi nisa. Aka sake aikowa uwarsu ma ta bi uban, lokacin kuwa bukukuwa sun kankama, bai motsa ba. A gida ƙauyen yana ta ƙanƙancewa, matasa sun watse, rufin ɗakuna yana ruftawa. Yayan shi kaɗai yake tsayawa cikin ruwa da iska yana raka gawa bayan gawa da algaita. Allah bai ba shi haihuwa ba, kuma babu wanda ya rage da zai koya wa.

Sai da furfura ta rufe kan mai gogen, sababbin makaɗa suka ture shi daga dandali, sannan aka aiko masa yayansa yana kwance. A wannan karon ya taho, amma ya tarar an riga an sa shi a akwati. Mutanen da suka taru a makabarta, tabarma ɗaya ta ishe su. Babu wanda ya shaida shi sai wata tsohuwa maƙwabciyarsu, ita ma gogen da ke rataye a bayansa ta gane. Ta kama hannunsa ta ce, "Allah ne ya kawo ka. Yayanka ya raka kowa, shi ba mu da mai raka shi. Kai kaɗai ka rage."

Ya ɗora gogen a kafaɗa ya ja. Farkon taken ya fito daidai, tsofaffin suka sunkuyar da kai. Da ya iso gaɓar nan da ya saba yi a wuraren rawa, yatsunsa suka zarce da kansu, kiɗan biki ya tashi a bakin kabari. Ya tsaya, ya koma farko. Suka sake zarcewa. Ya rufe ido yana laluben hannun ubansa a zuciya, bai same shi ba. Sai ya juya ga tsohuwar ya ce, "Inna, rera mini yadda yake tafiya daga nan." Ta gwada, abin ya ƙi, hawaye na bin kuncinta. Ta ce, "Ɗana, mu ji muke yi. Ku ne masu riƙewa."

Haka aka saukar da mai algaita, ba abin da ake ji sai ƙarar ƙasa tana faɗawa kan katako. Mai gogen ya tare a kangon gidan ubansa. Maƙwabta suna jin sa kullum yana fara taken, yana kaiwa wuri ɗaya, yana tsayawa. Ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya taɓa shigowa hira, domin a idonsu baƙo ne mai sunan ɗan gida. Bai ga wata damina ba. Da tasa mutuwar ta zo, shi ma shiru aka rufe shi, taken kuwa har yau ba mai sanin ƙarshensa.

Hausawa ba su faɗi banza ba da suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.