Zuciya a Jar Riga

"Zan sa hannu," in ji uban, "amma da sharaɗi. Kada zuciyar ɗana ta shiga ƙirjin ɗan Ja."

Likita ta dubi uwar. Uwar ta share hawaye ta ce, "Rabu da shi, likita. Mutumin da ko ranar aurenmu koriyar riga ya sa. Sa hannu, tsoho."

A garinmu na bakin kogin Parana ƙungiyoyin ƙwallo biyu ne, Ja da Kore, kuma gadonsu ake yi. Yaron nasu tun yana jariri uban ya yankar masa katin zama ɗan Kore. Yana shekara sha shida babur ya yi ajalinsa.

Bayan shekara guda, ranar Lahadin da ƙungiyoyin suka kara, wata budurwa ta ƙwanƙwasa ƙofar iyayen. Ita aka dasa wa zuciyar. Jar riga ce a jikinta.

"An cuce ni," in ji uban. Duk da haka ya miƙa mata ƙoƙon shayin mate, ya ce, "'Yata, ko zan ɗan saurara?"

Ya kara kunne a ƙirjinta. Daidai nan rediyo ya ɓarke da ihu, Ja sun zura ƙwallo. Zuciyar ta hau tsalle.

"Yarona ya fusata," in ji shi.

Uwar ta shiga ɗaki, ta fito da jar rigar da ta tsinta a ƙarƙashin katifar yaron.

"Murna yake yi, tsoho. Ya daɗe yana so ya yi ta a gabanka."