Gurbin da Sista Ta Hana a Cike

Ga misali ga duk mai cewa zamansa a nan na ɗan lokaci ne.

An yi wata malamar jinya a Kano, 'yar Kerala da ke kudancin Indiya, wadda ta zo da ƙuruciyarta ta yi furfura a ɗakin haihuwa. Mutanen gari Sista suke ce mata. Mutanen Kerala suna da bikin girbi da suke kira Onam, wanda a nan yakan zo ana cikin damina. Babban adon bikin shi ne shimfiɗar fure. A share daɓe, a kafa ƙusa, a ɗaura mata zare da alli, a zana da'ira cikin da'ira, sannan a durƙusa a cike kowane zobe da launinsa. Furannin ƙasarsu ba sa fitowa a nan, don haka 'yan Kerala da ke Kano suka koyi yi da abin da ya samu. Maza su fita bayan gari su tsinko furen tafasa da na kabewa. Mata su baje da almakashi suna yayyanka ganyen dogon yaro, a daka busasshen zoborodo saboda ja, a kankare kwakwa a rina ta da shuni. Ana yi ana gardama, ana shan shayi, ana kukan ciwon gwiwa. Sista ce mai riƙon zare, domin hannunta ba ya rawa, kuma sharaɗinta ɗaya ne: kada a taɓa tsakiya. A garinsu tsakiyar ta wani ɗan farin fure ce mai suna tumba, wanda ke fitowa a gindin shinge ba mai shuka shi. Ita da mahaifiyarta suke tsinko shi tun raɓa ba ta bushe ba. Ta sha sa a kawo mata irinsa, ya tsiro, ya yi yaushi, ya mutu. Saboda haka kowace shekara adon yakan ƙare da wani fili na siminti a tsakiya, faɗin murfin kwano.

Tana da abokiyar aiki, wata ungozoma mai suna Tasalla, wadda ba ta taɓa fashin zuwa ba, kullum da faifai cike da furen zogalen gidanta. Takan ce, "Sista, ga shi fari, ga shi ƙanana, ga ƙamshi. Wannan gurbin fa, ko kaza kike jira ta zo ta yi ƙwai?" Sista takan yi dariya ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Zuba shi a gefe, Tasalla. In na koma gida zan cike nawa." Sai a zuba zogalen a zoben waje, inda ƙafafun baƙi ke fara takawa.

Da Sista ta ajiye aiki, ta sayar da abin sayarwa, ta raba na rabawa, ta bar wa matan zarenta da ƙusarta, ta koma Kerala ana saura kaɗan bikin. Mahaifiya ta daɗe da rasuwa, wannan ta sani. Abin da ba ta auna ba shi ne sauran. Ƙaninta ya rushe tsohon gidan ya tayar da bene, shinge ya zama katanga, tsakar gida an shafe ta da siminti har bakin ƙofa. Fure a kasuwa ake sayo shi cikin leda, manya-manya, ba ƙamshi. Zanen ma a takarda yake zuwa, ba a neman mai riƙon zare. 'Ya'yan gidan suna ce mata goggon Afirka, suna ƙunshe dariya duk lokacin da "to" ko "sannu" ta kuɓuce mata. Ranar bikin ta yi sammako ta bi bakin tsoffin fadamun shinkafa, ta sha yawo, har ta sami tumba a bayan wata rijiya da aka daina ɗiba. Ta dawo da shi a tafin hannu, ta tarar an gama ado, an ɗora fitilar tagulla a tsakiya. Matar ƙanin ta leƙa hannunta, ta ce cikin ladabi, "Yaya, ai mun gama. Wannan ciyawar kuma ina za mu sa ta?"

Sai ta zuba shi a ƙasa a bakin ɗakinta, ɗan tarin fari shi kaɗai, ba zobe ko ɗaya kewaye da shi. Ta sunkuya ta shaƙa, ta gane hancinta wani ƙamshin yake nema. Tana nan zaune hoto ya shigo wayarta daga Kano. Da'irar ta ɗan karkace, don wani hannu ne ya ja zaren. Tafasa tana nan, zoborodo yana nan. Ga Tasalla a durƙushe da faifanta, ta juya tana yi wa wata dariya. Sista ta buɗe hoton da yatsu biyu, ta kai shi kusa da ido tana neman filin simintin nan. Babu shi. Zogale ya cike tsakiya fari fat, kuma ya zauna daidai, kamar dama can wurinsa ne.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.