Siririn Jan Yanka

Karo na huɗu ke nan Lastri tana sake zana da'irar, siririn yankan nan kuwa yana nan inda yake.

Aikinta ke nan a ofishin gunduma. A kawo mata lambobi, ta mayar da su da'ira a kwamfuta, ta yanka ta kashi-kashi kamar kankana, yadda ko wanda bai yi karatu ba zai gane da kallo ɗaya. Ta iya aikin. Babban kashi daga sama yake farawa, sauran su biyo shi yadda hannun agogo ke tafiya, kowane da launinsa.

Wannan karon lambobin na ƙauyensu ne, can bakin tekun arewacin Java. Teku ta cinye gonaki, ta cinye rabin maƙabarta, yanzu kullum sai ta leƙo ɗakuna. An ba su fili a kan tudu, amma da sharaɗin kowa ya yarda. A wurinsu ba a yanke magana da rinjaye, zama ake yi har bakin kowa ya zo ɗaya. In gida guda ya ƙi, tashin ya tsaya sai baɗi.

An raba takardu babu suna, kowane gida ya cika ya jefa a akwati. Gida ɗari biyu ne cif. Mafi yawa sun ce a tashi yanzu, ta ba su shuɗi. Wasu sun ce bayan an kwashe kifin tafkuna, ta ba su kore. Gida ɗaya ya ce a'a.

Ta kai wa shugabanta, Pak Sudarmo, dattijo mai shan shayi ba sukari.

"Pak, rabin ɗaya ne fa cikin ɗari. Gashin gira ya fi shi kauri. In haɗa shi da koren kawai."

"Ki haɗa wanda ya ƙi da wanda ya yarda? Shekara talatin ina wannan aiki, Lastri, ban taɓa haɗiye mutum a cikin da'ira ba."

Ta koma teburinta. Ta ba yankan wani kore mai haske, ya kusa ɓacewa a jikin ɗan'uwansa. Pak Sudarmo ya sa tabarau, ya duba, ya cire.

"Ina ya shiga? Sa masa ja, ki ɗan jawo shi waje. Na layin baya ma su gani."

"Za su ce Mbah Kasno ne, Pak."

"In shi ne, sai a zauna da shi."

"Zama? Mutanen da gadonsu ke kan bulo huɗu saboda ruwa?"

Ya koma kan takardunsa. Ta tsaya a gabansa har shayinsa ya huce, sannan ta je ta sa jan.

Mbah Kasno tsoho ne mai kula da maƙabarta, kowa Mbah yake ce masa, wato kaka. Shekarun nan yakan shiga ruwa har gwiwa yana miƙar da alamun kaburbura da igiya. Bai iya karatu ba. Duk wanda aka tambaya a ƙauyen zai ce in akwai mai ƙin tashi, shi ne.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka taru a zauren ƙauye. Sau biyu ana ɗaga daɓen zauren saboda ruwa, har dogo sai ya sunkuya kafin ya shiga. Ana zama teku ta taso ta rufe gadar gora da ke ƙofa. Babu mai fita kafin magariba. Lastri tana gefe da na'urar haska hoto, kusa da mai gari, tana goge tafin hannunta a zani.

Da'irar ta fito a bango, tsaf, shuɗi da kore. Jan ya tsaya a gefe kamar tsinke. Ba a buƙaci bayani ba.

Kai ɗaya ya juya wajen Mbah Kasno, sannan goma, sannan duka.

"Mbah, mutanenka ne suka hana ka?" in ji wani mai kamun kifi. "Ai su ba sa jin sanyi."

Aka yi dariya kaɗan, ba ta daɗi ba.

Bu Warsih, mai sayar da soyayyen rogo, ta miƙe. "Jikana yatsun ƙafarsa sun ruɓe da ruwan gishiri. Wata shekarar kuma, Mbah? Saboda waɗanda suka riga suka huta?"

"Ni inda aka nuna mini na dangwala," tsohon ya ce.

"Ai da ma haka za ka ce."

Mai gari ya ɗaga hannu, ba wanda ya kula. Wani ya ce a karɓe makullin maƙabartar. Wani ya ce a ɗauke shi a kwale-kwale ko yana so ko ba ya so. Ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa, mata suna janye tabarmi.

Mbah Kasno ya dubi jan yankan, ya daɗe. Ya dubi mutanen da ya binne wa iyaye. Sai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"To," ya ce, "wataƙila ni ne na kuskure wurin. Ku yafe mini. A kawo wata takardar."

Zauren ya sauke numfashi. Mai gari ya jawo takarda da tawada. In ya dangwala, magana ta ƙare, kowa ya tafi tudu kafin damina, tsohon kuma ya ƙarasa kwanansa a matsayin wanda ya so ya nutsar da ƙauye.

Lastri ta dafe takardar kafin yatsansa ya sauka.

"Ku ƙyale Mbah," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Takardar da ta ce a'a tawa ce. 'Yata tana kwance a maƙabarta, a layi na uku daga bakin ruwa, na kasa rubuta cewa na yarda a tafi a bar ta."