Ragunan Djibrilla da Ramin Gas

Djibrilla yana da raguna arba'in a gonarsa da ke arewacin garin Greensboro a Amurka, kuma kowanne da mai shi. 'Yan Nijar mazauna titin High Point Road a wurinsa suke yanka layya, shekara takwas bai taɓa ba su kunya ba.

A farkon 2009 wani Bature mai suna Gregory ya kawo masa takarda. Kamfaninsu na son haƙa ramin gwaji, su duba ko akwai gas a dutsen ƙarƙashin gonar.

Matarsa Kouloussoum ta ce, "Malam, a kai wa lauya ya karanta mana kwantiran nan."

Ya yi dariya. "A Nijar abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ita ke sa ido. Balle Amurka! Washington ba za ta bari a ɓata wa mutum ruwa ba."

Ya sa hannu, shafi tara, ko ɗaya bai karanta ba. Mutumin kirki ne, amma idan ya ce ya sani, to magana ta ƙare.

Kamfanin ya haƙa, ya tara gurɓataccen ruwa a wani kududdufi, ya kwashe kayansa. Saura sati biyu sallah aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kududdufin ya malala cikin tafkin da dabbobin ke sha. Da safe Djibrilla ya tarar da raguna bakwai a kwance, kumfa a baki. 

Ya kira ofishin gwamnatin tarayya. Aka ce masa izinin haƙa irin wannan a hannun jiha yake. Ya kira jiha, wata mata ta tambaye shi lambar izinin. Bai san ana ba da wata lamba ba. Ta ce za a turo mai bincike, amma ya duba kwantiran da ya sa wa hannu.

A shafi na shida ya ga ya amince a tara ruwan a gonarsa, kuma kula da dabbobi a wuyansa yake.

Kafin mai binciken ya iso, talatin sun mutu, likitan dabbobi ya hana cin sauran. Ranar sallah gida arba'in suka rasa layya, Djibrilla kuwa ya kasa shiga masallaci don kunya.

Jama'a, a Amurka tarayya da aikinta, jiha da nata. Kafin ka sa hannu a kan filinka, tambayi wanda ke da ikon sa ido, ka nemi mai karanta maka. Dokar gida ba ta bin mutum ƙetare.