Sunan da Inna Tabawa Ba Ta Faɗa

Wata shida ke nan da na'urar asibitin unguwa ta ce jijiyoyin Inna Tabawa yunwa suke ji, shi ya sa ƙafafunta ke mutuwa, magana ke kuɓuce mata. Ta ɗora ta kan hanta da ƙwai da zogale. Yau ce ranar gwaji. Duk wanda ya faɗi gwajin, farar motar da ke bakin ƙofa za ta wuce da shi Gidan Mantuwa, inda ake ajiye tsofaffin da hankalinsu ya gushe.

Inna ta zura zare a allura, ta jero sunayen jikokinta goma sha ɗaya ba gargada.

"Saura tambaya ɗaya," in ji na'urar. "Yaya sunan ɗanki na fari?"

Inna ta sunkuyar da kai. Fitilar na'urar ta yi ja.

Ɗan'asabe, ɗan farin nata, ya durƙusa da furfurarsa. "Inna, don Allah ki faɗa, yau kaɗai."

Ko kallonsa ba ta yi ba, na'urar ta fuskanta. "Shekara hamsin bakina bai kama sunan nan ba. Kashegarin Juma'a aka haife shi, ki ƙarasa da kanki. Ni hanta ta dawo min da hankalina. Ke me za ki ci ki san kunya?"

Fitilar ta koma koriya. Direban farar motar ya gyara zama, yana jiran na gaba.